Rumbu da Kurkuku: Yadda Nijar ke Auna Shugabanninta na Da

Ranar 15 ga watan Oktoba na 2024, magabatan birnin Yamai suka cire sunan Janar de Gaulle daga ɗaya daga cikin manyan hanyoyin tsakiyar gari, suka maye gurbinsa da na Jibo Bakari. Shekara 66 ke nan bayan zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, wanda de Gaulle ya kira, Jibo kuma ya nemi ƴan ƙasa su ce a'a, su karɓi ƴanci nan take. Jibo ya faɗi, kusan kashi 78 cikin ɗari na ƙuri'un da aka ƙirga suka tafi ga masu cewa i, aka raba shi da shugabancin gwamnati, aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba a shekarar da ta biyo. Da aka kafa sabon allon, mutane da yawa suka ce tarihi ya yi hukunci, ya bai wa mai gaskiya gaskiyarsa.

Maganar tana da daɗin ji, amma ta cancanci a tsaya a dube ta. Baƙon da ya shigo Yamai yau, a filin jirgin sama na Jori Hamani zai sauka. A wuni guda zai iya bin hanyar Jibo Bakari, ya kalli wasa a babban filin Janar Seyni Kunce, ya ƙetare kogi bisa gada ta uku da aka buɗe a 2021, wadda ita ma sunan Kunce take ɗauke da shi. Ba abin da zai nuna masa cewa Jori ne ya tura Jibo gudun hijira, Kunce ne ya kifar da Jori ya ɗaure shi, kuma Kuncen nan dai shi ne ya buɗe wa Jibo ƙofar dawowa gida a 1974, sannan ya rufe shi a kurkuku a shekarar da ta biyo. Allunan hanya sun sasanta mutum uku da ba su sasanta ba suna raye. Abin da ake kira hukuncin tarihi, idan aka bi sawunsa a ƙasar nan, hukuncin masu rai ne, kuma kowane zamani da irin yunwar da yake zuwa da ita gaban ma'auni.

Hukuncin farko da aka yi wa Jori Hamani mai tsanani ne, kuma yana da dalili. Farin da ya soma a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973: dabbobi suka ƙare, makiyaya da manoma suka kwararo bakin birane, ana kuma ta raɗe-raɗin cewa hatsin agaji na ɓacewa tsakanin rumbunan gwamnati da shagunan wasu manya. Da soja suka karɓe mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, daren da aka kashe uwargidansa Aisa, kaɗan ne suka fito kare shi. Shekara uku bayan haka, a 1977, ɗan jarida Amadu Usman ya fitar da ƙagaggen labarinsa na Faransanci, 15 ans, ça suffit!, wanda sunansa kaɗai ya isa hukunci: shekara goma sha biyar sun isa. Labarin shari'ar wani babban ma'aikaci ne da ake tuhuma da karkatar da cimakar agaji a wata ƙasa ta almara, ɗansa lauya da ya dawo daga Faransa shi ke kare shi. Littafin yana da ƙarfi, domin ya kama fushin talaka tun yana da zafi, ya kuma sa ɗa ya ji da kunnensa abin da ubansa ya aikata, wanda ya fi kowace tuhumar mai gabatar da ƙara ciwo. Amma mai karatu na yau ba zai kasa lura da lokacin fitowarsa ba. Waɗanda labarin ke nufi suna tsare a barikokin soja, ba su da bakin amsawa, masu mulki kuma suna buƙatar a riƙa tuna wa jama'a dalilin zuwansu. Shaida ce ta gaskiya, amma an ba da ita a kotun da ɓangare guda kaɗai ke da izinin magana.

Jori ya yi shekara shida a tsare a Damagaram, ya yi wasu bakwai cikin ɗaurin talala a Yamai, ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko ranar 23 ga Afrilu 1989. Tun kafin rasuwarsa ma'auni ya soma juyawa. Tsohon mashawarcinsa Jacques Baulin ya wallafa littafin tunawa a 1986, masanin tarihi André Salifu kuma ya rubuta tarihin rayuwarsa ta siyasa a 2010. Mutumin da ya fito daga waɗannan shafuka wani ne daban: malamin makaranta da ya taɓa koyar da Hausa da Zabarmanci a Paris, wanda ya ƙi bin Faransa lokacin yaƙin Biyafara, ya tsaya bayan gwamnatin tarayyar Najeriya, ya karɓi zaman sulhu a Yamai a 1968, wanda ya nemi abota da Kanada don kada ya dogara ga ƙofa guda, wanda kuma a farkon 1974 ya matsa wa Faransa ta ƙara farashin ƙarfen uraniyom na Arlit. Daga wannan batu na ƙarshe aka gina labarin da ya fi kowane yaɗuwa, cewa Faransa ce ta kifar da shi saboda ya nemi haƙƙin ƙasarsa. Labarin ya dace da zuciya, kuma halin Faransa a wasu ƙasashe ya sa ba a ganin sa baƙo. Sai dai mai bincike Klaas van Walraven, da ya shiga taskar takardun Faransa, ya fitar da nazari a 2014 inda ya nuna juyin mulkin ya zo wa Paris ba zato, kwana goma sha uku bayan mutuwar shugaba Pompidou, har ma an yi tunanin aiko soja su ceci Jori, sannan aka fasa. Ana iya jayayya da nazarin, amma sai da takardu. Abin lura shi ne bai rage wa labarin farko kasuwa ba ko kaɗan, domin zamanin da ke neman jarumin da ya tsaya wa Faransa ba ya son a ce yunwar Filinge da Tanut ce ta kayar da shi.

Ga kuma wani abin mamaki. Babban abin alfaharin da ake jingina wa Jori shekara da shekaru shi ne yarjejeniyar 20 ga Maris 1970, wadda aka sa wa hannu a Yamai, ta haifi hukumar da ta zama ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. A watan Maris na 2025 Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar. Aikin bai sake ba, mutumin ya daɗe a kabari. Rawani ne jiya, yau ya zama kayan da masoyansa ke ratsewa su wuce.

Abin da masu wanke Jori ke gaggawar tsallakewa shi ne jam'iyya guda, da zaɓuɓɓukan 1965 da 1970 da ya tsaya shi kaɗai, da mutum huɗu ƴan Sawaba da aka harbe a bainar jama'a a Yamai cikin Oktoba 1964, da ɗaruruwan da aka tsare bayan nan, musamman a ƙasar Hausa, inda jam'iyyar ta fi jijiya: Damagaram, Tasawa, Maraɗi. Wasu ba su fito da rai ba.

Amma babu shugaban da ma'auninsa ya yi lilo kamar Seyni Kunce, kuma a kansa ne ya kamata a daɗe. Da ya rasu a wani asibitin Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987, ƙasa ta yi makoki, ta kuma yi ajiyar zuciya a asirce. Magajinsa Ali Shaibu bai ɓata lokaci ba ya saki fursunonin siyasa, kalmar da ta zama taken mulkinsa kuma ma'anarta sassautawa ce, wato amincewa ke nan cewa da an ɗaure. Babban taron ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi, aka ji ta rediyo abubuwan da a da ko a ɗaka sai an rage murya. Har babban filin wasan Yamai sai da aka sauya masa suna, ya koma na 29 ga Yuli. A wancan lokaci, wanda ya yabi Kunce a gaban ɗalibai ko ƴan ƙwadago sai ya shirya.

Shekara goma ba su cika ba labari ya sake. Malaman makaranta sun fi kowa sanin dalili, domin a jikinsu aka rubuta shi: bashin albashi na watanni, yajin aiki bisa yajin aiki, shekarun karatu da suka tashi a banza, karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a Janairu 1994, rikicin shugaban ƙasa da firaministansa a 1995 da ya tsayar da komai. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A fada da tasha da bakin kasuwa aka soma ba da labarin wani Kunce da ke sauka a ofis da sassafe ba sanarwa, ya tarar da kujerar darakta babu kowa. Wanda ke tsayar da babban ma'aikaci a gaban talabijin ya tambaye shi lissafi. Wanda a zamaninsa ɓarawon gwamnati ba ya barci. Filin wasa ya koma sunansa. Samarin da aka haifa bayan rasuwarsa suka riƙa liƙa hotonsa, da hular soja da ido mai kaifi, suna kewar zamanin da ba su gani ba.

Ba a ce kewar nan ba ta da tushe. Kunce ya shigo da alkawarin cewa ba ɗan ƙasar da yunwa za ta kashe muddin akwai abin da gwamnati ta mallaka, ya sa motocin soja suka kai hatsi ƙauyuka, ya cika rumbunan OPVN, ya kafa al'adar ajiyar tsaro. A ƙarshen shekarun 1970 aka ɗauke wa talaka harajin kai, wato lanho, wanda tun zamanin Nasara yake sa magidanci sayar da akuyarsa ko ƙetara iyaka. An shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, an kafa kamfanin gawayi na Anu Araren, an mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace, an yi taron Maraɗi na 1984 a kan gurgusowar hamada. Kuma shi ne ya sallami sojan Faransa daga Yamai makonni kaɗan bayan hawansa. Waɗannan ba tatsuniya ba ne.

Sai dai akwai abu biyu da labarin fada ke zubarwa a hanya. Na farko sa'a ce. Kunce ya hau daidai lokacin da farashin uraniyom ya yi tashin da bai taɓa yi ba, bayan rikicin man fetur na 1973. Cinikin da Jori ya soma, shi ya ci ribarsa. Da kuɗin nan, da bashin da aka ciwo bisa zaton kasuwa za ta ɗore, aka yi gine-ginen da ake nunawa yau. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Kunce ce da kanta ta je ga asusun lamuni na duniya, FMI, a 1983, ta soma tsuke bakin aljihu. Wato ramin da gwamnatocin farar hula suka faɗa a shekarun 1990, wanda ya sa ake kewar Kunce, an soma haƙa shi tun Kunce na raye. Mutuwa ta ɗauke shi kafin ranar biya, kuma shugaban da ya mutu bisa kujera kullum yana da wannan rata a kan wanda ya rayu ya ga ƙarshen aikinsa.

Na biyu kurkuku ne. Sani Suna Siddo, mataimakinsa a majalisar ƙoli ta soja, an kama shi a 1975, ya mutu a tsare a Agadas. Bayan yunƙurin juyin mulki na Maris 1976 an harbe mutane, cikinsu har da Musa Bayere, da Sidi Mohammed, da shugaban ƴan ƙwadago Ahmed Muddur. A watan Mayu 1983 ɗalibi Amadu Bubakar ya mutu a hannun soja a barikin Tondibiya, shi ya sa dandalin taron ɗaliban jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Ƴan sandan ciki sun kai inda aboki ke tsoron aboki, direban tasi na tsoron fasinja. Ga ma'abota adabi kuma akwai sunaye biyu da bai kamata su wuce ba. Bubu Hama, shugaban majalisar dokoki na zamanin Jori kuma marubucin da ya fi kowa tattara tarihin baka a ƙasar nan, an kai shi Agadas yana dattijo mai kusan shekara saba'in. Mamani Abdullahi, tsohon ɗan Sawaba da ya dawo daga hijira a Aljeriya, shi ma ya ɗanɗani kurkukun Kunce kafin ya fitar da Sarraounia a 1980; fim ɗin da Med Hondo ya yi daga littafin, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, a Burkina Faso aka ɗauke shi, ba a ƙasar Sarauniya ba.

A nan ƙungiyoyin al'adu ke da wuyar sha'ani, kuma gara a faɗe ta a fili. Kusan duk abin da suke tsaye a kai, a zamanin Kunce aka dasa shi: gasar kokowa ta ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, bikin matasa na ƙasa da aka soma a Damagaram a 1976, gidajen samariya a kowace unguwa, da wasannin kwaikwayo na Hausa da rediyo da talabijin suka kai ko'ina. Wanda ya girma cikin wannan ba zai iya jin sunan Kunce ba tare da wani taushi a zuciya ba. Amma samariya ba don wasa kawai aka farfaɗo da ita ba. An haramta jam'iyyu, ana buƙatar hanyar da umurni zai sauka har ƙauye, da idon da zai ga wanda bai fito tarbar baƙo ba. Wasan kwaikwayo na da izinin sukar ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi da ma'aikaci mai cin hanci, ba shi da izinin ɗaga kai sama da haka. Gatan na gaske ne, linzamin ma na gaske ne, hannu guda kuma ya riƙe su.

Akwai wata al'ada da ke shiga tsakani a duk lokacin da aka zo nan, ita ce ladabin mamaci. Da an ambaci aibin wanda ya riga mu gidan gaskiya sai wani ya ce a bar shi ya kwanta, Allah ya jiƙansa. Ladabi ne mai kyau a zaman makoki da tsakanin dangi. Amma shugaban ƙasa ba mamacin gidansu kaɗai ba ne, kuma waɗanda suka mutu a hannunsa su ma mamata ne, suna da ƴaƴa. Addu'ar rahama ga Kunce ba ta hana a faɗi yadda Amadu Bubakar ya mutu. Idan ladabi ya rufe bakin mai tarihi, to ya zaɓi mamaci guda ya fifita shi a kan sauran, kuma kullum mai ƙarfin ne ake zaɓa.

Talaka yana da nasa kundin, wanda ba ya jiran allo ko gwamnati, shi ne sunayen da yake raɗa wa shekarun yunwa. Masanin tarihi Burema Alfa Gado ya tattara da yawa daga cikinsu a littafinsa na 1993 a kan tarihin yunwa a Sahel. Ta 1984 a ƙasar Hausa ta Nijar an san ta da El Buhari, domin a shekarar ce Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Najeriya, hatsi ya daina shigowa, masu cin rani suka rasa mafita, daidai lokacin da damina ta ƙi. Ba wanda ya zauna taro ya zartar da sunan. Ya fito daga bakin mata a bakin rijiya, ya zauna. A watan Nuwamba 2022, shekara 38 bayan haka, aka buɗe wata babbar hanya a Yamai da sunan Muhammadu Buhari, yana shugaban farar hula, ana gode masa saboda zumunci da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Mutum guda, suna biyu a ƙasa guda: ɗaya a kan allon ƙarfe, ɗaya a bakin tsofaffin da har yau ke ƙirga shekarun ƴaƴansu daga waccan yunwa. Yana da kyau a lura cewa yunwar ba a raɗa mata sunan Kunce ba. Wannan ma hukunci ne, kuma watakila ya fi gada da filin wasa nauyi.

Da wannan ma'auni na rumbu aka auna Tanja Mamadu, sakamakon kuma ya ba masana dokoki mamaki. A 2005 ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasa alhali hotunan yaran Maraɗi sun cika duniya. A 2009 ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya kira zaɓen raba gardama na 4 ga Agusta don tazarce, soja suka ɗauke shi ranar 18 ga Fabrairu 2010, dubban mutane suka fito murna a Yamai. Da aka sake shi a Mayu 2011, jama'a suka yi cincirindo a ƙofar gidansa. Da ya rasu ranar 24 ga Nuwamba 2020, Baba Tanja ake cewa, ana tuna azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyin shirinsa na musamman, da matatar man fetur ta Damagaram da ya aza harsashinta a 2008. Tazarce ta zama ƙaramin tuntuɓe a bakin masu ba da labari. Cewa shi ne ministan cikin gida lokacin kisan Cintabaraden a Mayu 1990, wannan sai a wasu gidaje na Azawak ake riƙe da shi.

Ali Shaibu kuwa, wanda ya rasu a 2011, ba kasafai ake jin sunansa a fada ba, sai in ana zancen sakaci. A zamaninsa aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, a zamaninsa aka yi Cintabaraden, ba mai wanke shi daga waɗannan. Amma shi ne janar ɗin da ke da bindiga a hannu ya yarda aka yi taron ƙasa, ya zo da ƙafarsa ya zauna gaban wakilai ya amsa tambayoyi, ya kalli ana yanke masa iko, ya miƙa mulki ga zaɓaɓɓen shugaba Mahaman Usman a Afrilu 1993, ya koma gida. Irin wannan aiki ba ya barin gini da za a nuna wa yaro. Jinin da ba a zubar ba, ba shi da ranar tunawa.

Shi kuma Jibo Bakari, wanda tauraronsa ke sama yanzu, yana da gatan da sauran ba su da shi: bai taɓa mulkin Nijar mai ƴanci ba, don haka ba yunwar da za a ɗora masa, ba kurkukun da za a ce ya cika. Ya ba da nasa bayani a littafinsa na 1992, Silence ! On décolonise, ya rasu a 1998 ba tare da sabuwar dimokuraɗiyya ta ba shi wani babban matsayi ba; a zaɓen shugaban ƙasa na 1993 ƙuri'un da ya samu ƴan kaɗan ne. Aikin da ya fi kowane zurfi a kan jam'iyyarsa shi ne na van Walraven, wanda ya fito da Ingilishi a 2013, da Faransanci a 2017 da sunan Le désir de calme, bayan shekaru yana hira da tsofaffin ƴan Sawaba. Darajar littafin ita ce bai tsaya kan shugaba ba. Ya bi direbobi da teloli da masu dako da ƙananan ƴan kasuwa da suka ɗauki jam'iyyar a kansu, ya nuna maguɗi da barazanar da suka kewaye zaɓen 1958, amma bai ɓoye cewa shigowar ƴan bindigar Sawaba a ƙarshen 1964 an yi ta bisa mummunan lissafi ba: an zaci ƙauyuka za su tashi, ba su tashi ba, samari da yawa suka halaka. Gurnetin da aka jefa wa Jori a filin idi cikin Afrilu 1965 kuma, wani yaro ya kashe. Allon hanya ba shi da wurin ɗaukar wannan duka. Ya ɗauki sunan mutum guda, a harshen siyasar yau, ya bar telolin da direbobin cikin littafi mai ɗaruruwan shafuka, a harsuna biyu da akasarin jikokinsu ba za su karanta shi da su ba.

Tunda dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyi a bayyane yake, kuma ya fi sauya alluna wuya. Shaidun 1964 sun kusa ƙarewa. Na 1974 da 1983 suna tsufa a Tasawa da Madawa da Birnin Ƙonni, a bakinsu kuma akwai abin da ba ya cikin taskar Paris ko ta Yamai. Ɗalibin da aka tura ya tambayi kakarsa yadda aka raba hatsi a 1974, sannan ya tambayi maƙwabcinta dalilin da ya sa ƙanensa bai dawo daga bariki ba, ya riga ya riƙe abin da littafin aji bai ba shi ba, wato amsa biyu da ba su jitu ba, kuma dukansu gaskiya.

Akwai kuma wurin da ba a yi hukuncin ba sam, ko na allo ko na kotu. Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda ya kifar da jamhuriya ta uku ranar 27 ga Janairu 1996, masu tsaron lafiyarsa ne suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999, firaministan lokacin ya shaida wa ƙasa cewa hatsari ne. Kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a shekarar ya ƙunshi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999 gaba ɗaya, wato an yafe wa mamacin nasa laifi a cikin layin da aka yafe wa waɗanda suka kashe shi. Dauda Malam Wanke, shugaban rundunar tsaron fadar da ya gaje shi, ya rasu a 2004 bai tsaya gaban alƙali ba. Iyalin Ba'are sun yi shekara goma sha shida suna bin kotuna, sai a Oktoba 2015 kotun CEDEAO ta ce an tauye musu haƙƙin samun shari'a, ta umurci gwamnatin Nijar ta biya su diyya. Kotun ba ta da hurumin faɗin wanda ya ba da umurnin harbin, kuma ba ta faɗa ba.